Sofiya, Garin da Ya Raini Boryana Kaleyn

Bulgeriya ƙaramar ƙasa ce a kudu maso gabashin Turai, maƙwabciyar Turkiyya da Girka da Romaniya. Mutanenta duka-duka ba su wuce miliyan 6 da rabi ba, wato Jihar Kano kaɗai ta fi su yawa. Na je babban birninta, Sofiya, a watan Agustan 2024 don duba 'yar yayana da ke karatun likita a can, sai zuwan nawa ya dace da makon ƙarshe na gasar Olamfik ta Paris. A wannan makon ba yadda za a yi mutum ya kwana a Sofiya bai ji sunan Boryana Kaleyn ba. Direban tasi na maganarta, jaridun bakin tasha na ɗauke da hotonta, kuma tsohuwar da 'yar tawa ke haya a gidanta ba ta da wani zance sai nata.

Garin kansa mai daɗin zama ne. Dutsen Vitosha na tsaye ta kudu, kore shar a lokacin zafi, ƙololuwarsa ta kai mita 2,290, kuma duk titin da ka bi, in ka ɗaga kai za ka hango shi. Tsofaffin jiragen cikin gari masu bin dogo suna ratsa unguwanni a hankali ƙarƙashin itatuwa. A tsakiyar birni akwai masallacin Banya Bashi, wanda aka gina tun ƙarni na 16, zamanin da Daular Usmaniyya ke mulkin ƙasar, mulkin da ya ɗauki kusan shekara 500 kafin ya ƙare a 1878. Har yau ana kiran salla a cikinsa. Taku kaɗan daga nan akwai majami'ar Kiristoci 'yan Otodoks, da ta Katolika, da wurin ibadar Yahudawa, kowa na harkarsa. A bayan masallacin kuwa ruwan zafi ne ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa ta famfuna, dare da rana, tsofaffi na zuwa da jarkoki suna ɗiba kyauta. Na sa hannu na ji ɗuminsa. Da safe ana karyawa da banitsa, wani gasasshen fulawa mai falle-falle da cuku a ciki, a kora da kindirmonsu wanda suke alfahari da shi ƙwarai, kuma sun cancanci su yi.

Tsohuwar mai gidan ta haura saba'in. A bangon falonta, kusa da hoton marigayi mijinta, akwai wani hoto da aka yanko daga jarida, ya yi ja saboda daɗewa: 'yan mata uku a tsaye kan dakalin karɓar lamba. Da na tambaya, sai ta jawo kujera ta zauna, 'yar yayana na fassara mini. Tun kafin nan yarinyar ta riga ta faɗakar da ni. Ta ce, "Gwaggo, in kin ga ta girgiza kai gefe da gefe, yarda take nufi. In ta gyaɗa sama da ƙasa, to ba ta yarda ba. Haka suke a nan." Haka kuwa na gani.

Wasan da ake magana a kai shi ne motsa jiki na rausaya, wanda mata ke yi da kiɗa a kan kafet mai faɗin mita 13 ta kowane gefe. 'Yar wasa na shiga ita kaɗai da abu ɗaya a hannu, tana da daƙiƙa 75 zuwa 90 ta nuna duk abin da ta iya. Kayan wasan a manyan gasanni huɗu ne. Akwai ƙawanya, babban zobe mai faɗin santimita 80 zuwa 90. Akwai ƙwallon roba mai nauyin giram 400 aƙalla. Akwai kulake biyu 'yan gajeru. Sai ribon, zirin ƙyalle mai tsawon mita 6 da aka ɗaura a bakin siririyar sanda. Da can har da igiya. Ana cilla abin sama, a yi juyi ko a mirgina a ƙasa yana can, a tare shi da ƙafa, ko da baya, ko ba tare da an kalle shi ba, duk a kan kiɗa. Alƙalai kashi-kashi ne: wasu na lissafa wahalar abin da aka yi, wasu na duba yadda motsi ya dace da kiɗa, wasu kuma na zaune ne kawai suna jiran kuskure. Abu ya suɓuce, a rage maki. An yi taku don a ɗauko shi, a ƙara ragewa. Ya fita daga layi, ko ribon ya ƙulle, nan ma asara ce. Aikin shekara huɗu na iya rushewa cikin ƙiftawar ido.

'Yan matan da ke hoton bangon su ne Aneliya Ralenkova da Liliya Ignatova da Iliyana Raeva, a gasar duniya ta Munich a 1981. Ralenkova ta ɗauki zinare, sauran biyun suka yi kunnen doki a azurfa. Dakalin gaba ɗaya na Bulgeriya ne. Mutanen ƙasar suka sa musu suna 'yan matan zinare, sunan da ya bi waɗanda suka biyo bayansu har yau.

Abin da ya kama ni a bayanin tsohuwar shi ne yadda take jero sunaye kamar mai karanto salsalar gidansu. Ta fara da Juliyeta Shishmanova, malamar da ta kafa wa ƙasar salonta. Ɗalibarta Mariya Gigova ta zama zakarar duniya sau uku, a Varna a 1969, a Havana a 1971, a Rotterdam a 1973. A waccan gasa ta Varna akwai wata ɗalibar Shishmanova da ta samu azurfa, Neshka Robeva. Ita ce ta girma ta zama babbar koci, ta fito da Ralenkova da Raeva da Ignatova, sannan Diliyana Georgieva wadda ta ci duniya a 1983 da 1985, sannan Biyanka Panova wadda a 1987 a Varna ta kwashe zinare biyar ɗin da ake da su duka, alƙalai na ba ta maki goma cif duk fitar da ta yi. Bayansu Mariya Petrova ta zo ta ci duniya sau uku a jere, 1993 da 1994 da 1995. Ita kuwa Raeva ta hoton, a lokacin da na je ita ce shugabar hukumar wasan ta ƙasa. 'Yar wasa ta gama, ta koma koci, ɗalibarta ta gama, ita ma ta koma koci ko alƙaliya. Gwamnatin gurguzu ta faɗi a 1989, kuɗi suka yi ƙaranci, ƙwararru da yawa suka bazu duniya neman abinci, amma igiyar ba ta tsinke ba. Har ma waɗanda suka fita sun shuka iri a wasu wurare. Kocin da ta raini Sofiya Raffaeli, tauraruwar Italiya, a garin Fabriano, wato Julieta Cantaluppi, ɗiyar Kristina Guiourova ce, 'yar Bulgeriya da ta ci zinaren igiya a gasar duniya ta 1979.

Sai dai akwai wani miki da tsohuwar ta taɓo, fuskarta ta sauya. Duk wannan ɗaukaka, Olamfik ta ƙi su. An fara sa wasan a Olamfik a 1984 a Los Angeles, daidai lokacin da babu mai iya ja da 'yan matan Robeva. Amma Tarayyar Sobiyet ta ƙaurace wa gasar, Bulgeriya ta bi sahunta, 'yan matan suka zauna a gida, Lori Fung ta Kanada ta ɗauki zinaren. A 1988 a Seoul kowa ya sa rai ga Panova, sai kulki ya suɓuce mata a zagayen farko, ta ƙare ta huɗu. Adriyana Dunavska ce ta ceci ƙasar da azurfa, a bayan Marina Lobach ta Sobiyet. Petrova mai kambun duniya uku ta je Olamfik sau biyu, duka ta zo ta biyar. Masu wasan rukuni sun fi sa'a: azurfa a 1996, tagulla a 2004 da 2016, sannan a Tokyo a 2021 'yan mata biyar na koci Vesela Dimitrova suka ci zinare, suka kawo ƙarshen riƙon da Rasha ta yi wa wannan lamba tun shekarar 2000. Amma a wasan mutum ɗaya, tun daga Dunavska ba wadda ta sake hawa dakali. Shekara 36 ke nan, in ji tsohuwar, tana lissafawa da yatsu.

Tana da jika 'yar shekara takwas da ke koyon wasan a wani ƙaramin kulob na unguwa, sai ta ce mu je in gani da idona. Na ji daɗin wannan gayyata fiye da duk yawon da aka kai ni.

Zauren ba wani na a zo a gani ba ne. Tsohon gini ne mai dogon rufi, fentin bangon ya fara ɓarewa, kafet ɗin ya koɗe a tsakiya inda ƙafafu suka fi taka shi. An rufe tagogi duk da zafin da ake yi, domin iska ko kaɗan ce tana karkatar da ribon. Yara mata sun kai ashirin, gashi a ɗaure tam a ƙeya, kowacce sanye da ɗan takalmin da ke rufe yatsun ƙafa kawai. Ba su taɓa ƙwallo ko ƙawanya ba sai da suka yi kusan awa guda a jikin sandar bango suna miƙa ƙafa, suna ɗage dunduniya, suna gyara tsayuwa. Kocinsu, mace mai matsakaicin shekaru, ba ta ɗaga murya. Takan zo ta sa yatsa ɗaya ƙarƙashin haɓar yarinya ta ɗago, ko ta taɓa gwiwa ta ce a miƙe, ta wuce.

Na zauna kusa da inda jikar tsohuwar ke aiki da ƙwallo. Doka ta hana a damƙe shi da yatsu, ta kuma hana a jingina shi da tsintsiyar hannu. Sai dai ya zauna a tafin hannu da kansa, yadda ƙwaryar nono ke zama a kan 'yar Fulani tana tafe tana hira ba ta riƙe ba. Abin da aka sa ta yi a ranar guda ɗaya ne: ta gangaro da ƙwallon daga yatsun hannun dama, ya bi damtse, ya ratsa kafaɗu ta baya, ya sauko ta hannun hagu ya tsaya a tafi ba tare da ya yi tsalle ba. Ya faɗi. Ta bi shi ta ɗauko, ta goge shi da ɗan tawul, ta goge hannunta, ta sake. Ya faɗi. Ta sake. Ba wanda ya yi mata tsawa, ba kuma wanda ya lallashe ta. Can ya bi hanyarsa sumul har ya sauka a tafin hagu, yarinyar ta waigo tana neman idon koci. Kocin ta girgiza kai gefe da gefe, sannan ta nuna mata a sake daga hagu zuwa dama, domin a wannan wasa hannun hagu ba ya da uzuri. A bakin ƙofa iyaye mata na zaune a benci. Wata na naɗe ƙawanyar 'yarta da tef mai ƙyalli, wata na liƙa duwatsun ado a rigar gasa ɗaya bayan ɗaya da ɗan tsinke. Aka gaya mini ribon ma goge shi ake yi da dutsen guga kafin a shiga gasa.

Daga irin wannan zaure Boryana Kaleyn ta fito. An haife ta a Sofiya ranar 23 ga Agustan 2000, ta fara wasan tana 'yar shekara shida, kuma Mariyana Pamukova ce kocin da ta riƙe ta tun tana yarinya har zuwa Paris. Wannan kaɗai abin dubawa ne a zamanin da 'yan wasa ke sauya koci da ƙasa da zarar sun ga inda ya fi maiƙo.

Tarihinta ba na wadda ta fito ta ƙwace duniya dare ɗaya ba ne. Ta girma ne a lokacin da tagwayen Rasha, Dina da Arina Averina, suka mamaye fagen, ga Linoy Ashram ta Isra'ila a gefe. A 2018, da aka yi gasar duniya a Sofiya, tana cikin tawagar da ta samar wa Bulgeriya azurfa. A 2021 a Varna, a gasar Turai, ta shiga tsakanin tagwayen: Arina ta ɗaya, Boryana ta biyu, Dina ta uku. Watanni kaɗan bayan haka ta je Olamfik ta Tokyo ta zo ta biyar, ranar da Ashram ta doke Dina. A 2022 aka dakatar da Rasha saboda yaƙin Yukren, kowa ya ce to yanzu lokacin Boryana ya yi. Aka je gasar Turai a Tel Aviv, sai ga wata yarinya 'yar shekara 16, Daria Atamanov, ta sha gabanta. Azurfa kuma. A watan Satumba na wannan shekarar gasar duniya ta dawo Sofiya, garinsu, gaban iyaye da maƙwabta, sai rashin lafiya ya hana ta shiga. A gida ma ga wata ƙanwa ta taso, Stiliyana Nikolova, wadda aka haifa a Alƙahira a 2005 lokacin da mahaifinta ke harkar ƙwallon ƙafa a Masar, mai sauri, mai wuta, wadda jama'a suka fara juyawa gare ta.

A nan ne da yawa kan ajiye kaya. Wannan wasa ne da ake kiran 'yar shekara 22 tsohuwa, ga ciwon baya, ga na ƙafa, ga yara masu sabon jini na tasowa kullum. Boryana ba ta ajiye ba. A 2023 a Baku ta zama zakarar Turai, Raffaeli na biye da ita, Nikolova ta uku. Rabon da wata 'yar Bulgeriya ta ɗauki wannan kambu tun Mariya Petrova a 1994. Duk da haka, da Olamfik ta matso, Nikolova ce ta ci Turai a Budapest a 2024, kuma ita mafi yawan mutane suka ɗora wa rai.

Ranar Alhamis 8 ga Agusta aka yi zagayen tantancewa. 'Yan wasa 24 ne, goma za su wuce. Mun kalla a falon tsohuwar. Nikolova ta yi kurakurai masu tsada, ta ƙare ta 11, mataki ɗaya tak ya raba ta da wasan ƙarshe. Na tausaya wa yarinyar har cikin raina, don ko shekara 19 ba ta cika ba. Tsohuwar ba ta ce uffan ba, ta tashi ta shiga madafa. Boryana kuwa ta wuce a matsayi na uku, bayan Raffaeli da Darja Varfolomeev ta Jamus. Nauyin shekara 36 ya dawo kanta ita kaɗai.

Washegari Juma'a. Mun bi ta Banya Bashi ana watsewa daga masallaci, Turkawa da Larabawa da 'yan ƙasa da ɗalibai baƙar fata sun cika harabar, muka gaggauta komawa gida. Kafin mu isa falon ya cika. Maƙwabta biyu sun shigo, ga jikar da uwarta, an ajiye kankana a faranti ba mai taɓawa.

Aka fara da ƙawanya. Boryana ta samu 35.850, Varfolomeev 36.300. Sai ƙwallo. Ban san dokokin wasan yadda mutanen falon suka sani ba, amma na riga na ga yadda ƙwallo ke gudun hannun yarinya a zaure, don haka na gane abin da nake kallo. Ƙwallon ya bi hannunta ya ratsa kafaɗu, ya tashi sama, ta yi juyi a ƙarƙashinsa, ya sauko ya zauna inda ta tanadar masa ba ƙara ba rawa. Babu gaggawa a jikinta. Wasu 'yan wasan za ka ga suna tseren cusa abubuwa masu maki cikin daƙiƙa 90, ita kuwa kowane motsi sai ta kai shi ƙarshensa kafin ta shiga wani. Jikar tsohuwar na zaune a ƙasa gaban talabijin, hannunta na bin hanyar ƙwallon a iska ba ta ma sani ba. Maki ya fito: 36.450. Ta Jamus ta samu 36.500. Raffaeli ta yi kuskure a nata ƙwallon ta koma baya. Bayan fita biyu, rabin maki ne kawai tsakanin ta ɗaya da ta biyu, falon ya kaure da magana, ba wanda ya tuna ya fassara mini, ban kuma buƙata ba.

Kulake ne suka raba gardama. Varfolomeev, 'yar shekara 17 da aka haifa a Barnaul ta Saiberiya, ta koma Jamus a 2019, wadda kuma ta kwashe zinare biyar a gasar duniya ta Valencia a 2023, ta yi wasan da ya kai 36.350. Boryana ta samu 34.550. Zinare ya yi nisa. Saura ribon, abin da ya fi kowanne cin amana, don mita shidan nan ba a yarda ya kwanta ko ya daina motsi ba, kuma gumi ko danshi kaɗan na iya sa ya manne ya ƙulle. Tsohuwar ta rufe baki da hannu biyu. Boryana ta shiga, ta zana da'irori da macizai a iska, ta cilla, ta tare, ta cilla, ta tare, kiɗa ya tsaya ita ma ta tsaya, ribon na hannunta ba ƙulli. Aka ba ta 33.750, ɗan sama da abin da mai zinaren ta samu a wannan fita. Jimla: Varfolomeev 142.850, Kaleyn 140.600, Raffaeli 136.300.

Tsohuwar ta yi kuka. Ta kamo hannuna, ni baƙuwa da ba ma jin harshen juna, tana nuna hoton bango tana nuna talabijin. 'Yar yayana ta matso ta ce, "Gwaggo, cewa take ta ga Dunavska tana matashiya, ba ta zaci za ta kai ganin wata ba." Daga tagogin maƙwabta ana ta jin tafi.

Ranar ta yi wa ƙasar kyau ta ko'ina. A wannan yammacin Karlos Nasar, saurayi ɗan shekara 20, ya ɗaga jimlar kilo 404 ya ci zinaren ɗaga nauyi da sabon tarihin duniya, da dare kuma Magomed Ramazanov ya ci zinare a kokawa. Bulgeriya ta tashi daga Paris da lambobi bakwai, uku na zinare. Nijeriya, mai mutum sama da miliyan 200, ta koma gida hannu rabbana. Wannan ya tsaya mini a rai, domin na ga zauren da ake fara abin, kuma ba kuɗi na gani a cikinsa ba. Abin da na gani koci ce da ta san aikinta, da iyaye masu kawo yara a kan lokaci, da hukuma da waɗanda suka taɓa yin wasan ke riƙe da ita.

Ba zan ɓoye cewa akwai inda abin ke da ɗaci ba. Wasa ne da ke son siririn jiki, kuma an sha jin 'yan wasa a ƙasashe daban-daban, bayan sun yi ritaya, suna ba da labarin yunwa da awon nauyi da baƙar magana da suka sha suna yara. Biyanka Panova da kanta ta rubuta littafi a kan tsananin horon zamaninsu. Ko tsohuwar, mai son Robeva kamar me, ta yarda cewa ba za ta so a yi wa jikarta irin wancan riƙo ba. Duk lambar da aka samu da zaluntar yarinya ba ta da albarka, kuma na ji daɗi da na ga a zauren unguwar nan ana koyarwa ba tare da tsawa ba. Haka nan shigar da ake yi a gasa ba irin tamu ba ce, ban kuma je Sofiya don in kawo ta gida ba, ko da yake dokar wasan ta yarda a sa riga mai dogon hannu da ke rufe ƙafa har idon sawu, kuma 'yan Masar da Azarbaijan da Uzbekistan suna cikin masu fafatawa. Abin da na yaba daban ne. Na yaba ƙasar da ta ɗauki abin da 'ya'yanta mata ke yi da muhimmanci har tsohuwa ta haddace sunayensu na shekara hamsin. Na yaba yarinyar da aka sha gabanta sau da yawa, a waje da kuma a gida, ta ci gaba da komawa zaure da safe wurin koci ɗaya har tana gab da cika shekara 24.

Washegarin wasan ƙarshen Boryana, Asabar, 'yan rukunin Bulgeriya suka zo na huɗu, Sin ta ɗauki zinare, garin ya ɗan yi sanyi. Amma ranar Litinin jikar tsohuwar ta rataya jakarta, ƙawanya a kafaɗa, uwarta ta kai ta horo kamar kullum. Ni kuma aka hau da ni Vitosha, na sha iska mai sanyi a tsakiyar Agusta, na hango garin gaba ɗaya a shimfiɗe.

Ga wanda hanya za ta kai Turai, Sofiya ba ta da tsada kamar Landan ko Paris, akwai masallaci a tsakiyar gari, abincin halal ba ya wuyar samu, mutanenta kuma ba su cika fara'a da farko ba amma in sun sake da kai sai ka rasa inda za ka sa kanka don karamci. Galibi a farkon bazararsu, wajen watan Afrilu, birnin kan karɓi zagaye ɗaya na gasar cin kofin duniya ta wannan wasa a babban zaurensa na wasanni, kuma ya cancanci a daidaita tafiya da shi. Wanda kuma tafiyar ba ta samu ba, ya nemi bidiyon wasan ƙwallon Boryana Kaleyn na ranar 9 ga Agustan 2024 a intanet, ya kira 'ya'yansa mata su kalla tare. Minti ɗaya da rabi ne kawai, sannan ya gaya musu cewa shekara 18 ta yi tana koyon sa.